Me Ya Sa Marubutan Sin Suka Ce Al'adar Kakanninsu Tana "Cin Mutane"?

A watan Maris na 2023 wata magana ta karaɗe shafukan sada zumunta na ƙasar Sin. Matasan da suka gama jami'a suka rasa aikin yi ne suka riƙa cewa takardar digirinsu ta zame musu "doguwar rigar Kong Yiji": ba ta ciyar da su, kuma sun kasa tuɓe ta. Wannan Kong Yiji mutum ne a cikin wani gajeren labari na marubuci Lu Xun da aka buga tun 1919, wanda ɗaliban sakandare a Sin suka daɗe suna karantawa a aji. Maganar ta yi ƙarfi har kafar talabijin ta gwamnati, CCTV, ta sa baki tana ba matasan shawarar su tuɓe rigar su kama duk sana'ar da ta samu, abin da ya ƙara harzuƙa su. A watan Yuni na shekarar alƙaluman hukuma suka nuna kashi 21.3 cikin ɗari na matasan birane masu shekara 16 zuwa 24 ba su da aiki. A watan Agusta aka dakatar da fitar da alƙaluman.

Tambayar ita ce: ta yaya labarin da aka rubuta don sukar tsohon tsarin sarakunan Sin yake magana da yawun matashin da ke riƙe da wayar salula bayan shekara ɗari? Kuma wane abu ne takamaimai marubutan Sin suka shafe ƙarni guda suna yaƙa da alƙalami? Da yawa daga cikinmu mun ɗauka farfagandar 'yan kwaminis ce kawai, ko kuwa rigimar 'yan boko da dattawa. Akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun, amma maganar ta fi haka zurfi, kuma ta fi haka ciwo.

Kalmar da aka sauya wa ma'ana

Sinawa suna kiran wannan tsohon tsari fengjian, kuma ita ce kalmar da ake fassarawa da "fiyudal" a Turance. A asalinta tana nufin abu guda tak: yadda sarakunan daular Zhou, wadda ta kafu wajen shekarar 1046 kafin Miladiyya, suke yanka ƙasa su raba wa 'yan uwansu da jarumansu, kowa ya mulki rabonsa, 'ya'yansa su gada. Wannan tsari ya kau tun shekarar 221 kafin Miladiyya, lokacin da sarkin Qin ya haɗe ƙasar ya maye gurbin masu gadon sarauta da ma'aikatan da fada ke naɗawa ta kuma tsige. Daga baya ma jarrabawa ce ta zama ƙofar shiga aikin hukuma, tun daga zamanin daular Sui har 1905, kimanin shekara 1,300. Ana sayar da gona, ana sayen ta, kuma a ƙa'ida ɗan manomi yana iya zama babban ma'aikaci idan ya ci jarrabawar. Saboda haka masana tarihi da dama suke cewa Sin ta rabu da fengjian na haƙiƙa fiye da shekara 2,000 kafin marubutan nan su fara tsine masa.

Abin da ya faru shi ne malaman Japan sun ari tsohuwar kalmar suka fassara tsarin Turai na zamanin da da ita, Sinawa suka karɓo ta da sabuwar ma'ana, sannan mabiya aƙidar Karl Marx suka faɗaɗa ta har ta haɗiye duk abin da ya gabaci zamani. Auren dole fengjian ne. Ɗaure ƙafafun 'yan mata don kada su girma fengjian ne. Tsafi da duba, ikon shugaban zuri'a, zaluncin mai gonaki, hana matar mamaci sake aure, duk sunansu ɗaya. Idan za a kawo ta kusa da Hausa, "mulkin mulaka'u" ko "kashin dankali" sun fi kama abin da ake nufi, wato zaman da na sama ke danne na ƙasa, na ƙasan kuma ya nemi wanda yake ƙarƙashinsa ya danne.

Mu ma mun san wannan kalma a siyasar Najeriya. An daɗe ana jifan Arewa da ita daga waje, a cikin gida kuma 'yan NEPU, tun kafuwar jam'iyyar a Kano a 1950, sun yi ta sukar yadda ake tafiyar da mulkin En'e a kan talaka. Tarihinmu da na Sin sun sha bamban ƙwarai, kuma ba na son a gwama su da ƙarfi. Abin da kawai muka yi tarayya a kai shi ne sanin cewa kalma ɗaya tana iya zama kukan wanda aka zalunta yau, gobe ta zama sandar dukan abokin hamayya.

Abin da ya tunzura su

Fushin ya samo asali ne daga kunya. Tun yaƙin farko da Birtaniya a kan cinikin ofiyom, wani abin sa maye, wanda ya ƙare a 1842, Sin take shan kashi a hannun baƙi, har Japan da suke yi wa kallon ƙanwa ta ci su da yaƙi a 1895. Aka soke tsohuwar jarrabawa a 1905, aka tumɓuke daular Qing, aka kafa jamhuriya a 1912, amma tsugune ba ta ƙare ba. Shugaban ƙasa Yuan Shikai ya farfaɗo da bukukuwan girmama Konfushiyas, malamin zamanin da wanda aka gina tarbiyyar Sin a kan koyarwarsa, sannan a ƙarshen 1915 ya nemi naɗa kansa sarki. A 1917 wani janar ya mayar da sarkin da aka tsige, wanda yaro ne, kan gado na kwana 12. Masu ilimin zamani suka lura cewa duk wanda ya tashi maido da sarauta sai ya fara da ɗaga tutar Konfushiyas. Daga nan suka yanke cewa ciwon yana cikin kawunan mutane da cikin gidajensu, sauya gwamnati kaɗai ba zai warkar da shi ba.

A 1915 Chen Duxiu ya kafa wata mujalla a Shanghai wadda ta shahara da sunan Xin Qingnian, wato Sabbin Matasa. Abin da suka fi kai wa hari shi ne koyarwar nan ta igiyoyi uku: talaka ya bi sarki, ɗa ya bi uba, mace ta bi miji. Ita mace ma biyayyarta hawa uku ce, ga uba tana budurwa, ga miji idan ta yi aure, ga ɗanta idan mijin ya mutu. A watan Janairu na 1917 Hu Shi ya kawo batun harshe: a daina rubuta adabi da tsohon Sinancin littattafai da sai wanda ya shafe shekaru yana hadda yake fahimta, a rubuta yadda mutane ke magana. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin tsohon harshen shi ne katangar da ta raba masu doguwar riga da masu gajeren wando. Zanga-zangar ɗalibai ta ranar 4 ga Mayu, 1919, bayan taron sulhu na Paris ya miƙa wa Japan haƙƙoƙin da Jamus take da su a lardin Shandong, ita ta watsa wannan tunani cikin ƙasa, kuma da sunan ranar ake kiran zamanin gaba ɗaya.

Mahaukacin da ya karanta tsakanin layuka

Lu Xun, wanda sunansa na ainihi Zhou Shuren, an haife shi a garin Shaoxing a 1881 cikin gidan malamai da arziki ya juya wa baya. Ya tafi Japan koyon aikin likita. Shi da kansa ya ba da labarin ranar da aka haska musu wani hoto a aji: sojojin Japan za su sare kan wani Basine da ake zargi da yi wa Rasha leƙen asiri, ga 'yan uwansa Sinawa ƙarfafa sun kewaye wurin suna kallo, fuskokinsu ba alamar komai. Ya ce a nan ya gane cewa lafiyar jiki ba ta da amfani ga mutanen da zuciyarsu ta mutu. Ya bar karatun likita a 1906.

A watan Mayu na 1918 ya buga Kuangren Riji, labarin abin da wani mahaukaci yake rubutawa a littafinsa na yau da kullum. Mutumin ya yi imani duk mutanen garinsu, har da yayansa, suna shirin cinye shi. Wani dare barci ya ƙi zuwa, ya buɗe littafin tarihi, ya tarar kowane shafi cike yake da kalmomin tausayi da adalci da kyawawan ɗabi'u. Ya yi ta ƙura ido har tsakar dare, sai ya ga wasu kalmomi biyu a tsakanin layukan, sun cika littafin: cin mutane. Wannan magana ita ta zama take ga duk abin da ya biyo baya. Kuma ba ƙage ne zalla ba, domin a tsoffin littattafan tarbiyya ana yabon ɗan da ya yanki tsokar cinyarsa ya dafa wa iyayensa marasa lafiya, ana kuma koya wa yara labarin mutumin da ya yi niyyar binne ɗansa da rai don abinci ya wadaci mahaifiyarsa. Lu Xun ya rubuta daga baya cewa da ya karanta wannan labari yana yaro, tsoro ya kama shi, ganin gidansu na talaucewa ga kuma kakarsa ta tsufa.

Amma akwai abu biyu a labarin da masu ɗaukar sa a matsayin taken zanga-zanga suke tsallakewa, kuma a ganina su ne zuciyarsa. Na farko, dab da ƙarshe mahaukacin ya tuna ƙanwarsa da ta rasu tana da shekara biyar, ya fara zargin cewa wataƙila shi ma an ba shi namanta ya ci bai sani ba. Mai tuhuma ya tsinci kansa cikin waɗanda ake tuhuma. Na biyu, gabatarwar labarin, wadda aka rubuta da tsohon harshe, ta sanar da mu tun farko cewa mutumin ya warke, har ya tafi jiran a ba shi muƙamin gwamnati. Warkewarsa ita ce komawa teburin da ake cin naman. Ban san wani marubuci da ya yi wa al'ummarsa hukunci mai tsanani irin wannan ba, ya kuma ƙi cire kansa daga ciki.

Kong Yiji ya biyo baya a 1919. Shi kaɗai ne a mashayar garin yake sanye da doguwar rigar malamai amma yake shan giyarsa a tsaye tare da 'yan ƙwadago. Ya ƙare rayuwarsa yana karatun jarrabawa bai taɓa ci ba, bai iya wata sana'a ba, yana alfahari da sanin hanyoyi huɗu na rubuta harafi ɗaya. Yunwa ta sa shi satar littattafai, wani da ya ci jarrabawar ya sa aka karya masa ƙafafu. Zuwansa na ƙarshe da hannuwa ya ja jiki ya zo. Wanda ya riƙa tunawa da shi bayan haka mai mashayar ne kaɗai, saboda bashin tsabar tagulla 19 da yake bin sa. Abin lura, babu sarki ko hakimi a wannan labari. Masu yi masa dariya talakawa ne irinsa, kuma yaron da ke ba mu labarin ma yana cikin masu dariyar.

Inda abin ya fi ciwo: ɗakin mata

Idan ana son ganin wannan tsari tsirara, sai a dubi matan da ke cikin labaran. A labarin Zhufu na 1924, Lu Xun ya kawo wata mata da ba a ma san sunanta ba, sai dai matar Xianglin. Mijinta ya mutu, ta gudu ta kama aikatau. Uwar mijin ta sa aka kamo ta aka sayar da ita ga wani mutum a cikin duwatsu don a sami kuɗin auren ƙanen mijin. Miji na biyu ya mutu, kyarkeci ya ɗauke ɗanta. Da ta dawo gidan aikinta, maigidan ya hana ta taɓa kayan hadayar kakanni, wai ta ƙazantu tunda ta yi aure biyu, auren da ɗaure ta aka yi aka kai ta. Sai wata abokiyar aikinta ta gaya mata cewa a lahira za a raba ta biyu da zarto tsakanin mazan nan. Ta tara albashin kusan shekara guda ta sayi dokin ƙofa ta kai wurin bautar garin, don dubban mutane su taka shi a madadin jikinta. Ta dawo da murna, ta miƙa hannu za ta ɗauki kayan hadaya, uwargida ta daka mata tsawa ta ajiye. Daga ranar ta karye. Ta ƙare tana bara, ta mutu a jajibirin sabuwar shekara. Kafin mutuwarta ta tare mai ba da labarin, ɗan boko da ya zo daga birni, ta tambaye shi ko akwai rai bayan mutuwa. Ya yi ta kame-kame, ya sulale ya gudu. A nan ma marubucin bai ƙyale ajinsu na masu ilimin zamani ba.

Ba Jin, haifaffen Chengdu a 1904, ya ɗauki gidan gandu gaba ɗaya a littafinsa Jia, wato Gida, wanda ya fara fitowa a jarida a 1931. Gidan Gao ne, inda maganar kaka take yanka. Wata kuyanga ta faɗa tafki ta mutu don kada a ba da ita sa-ɗaka ga wani tsoho. Matar babban jika kuwa aka kore ta bayan gari ta haihu, saboda camfin cewa jinin haihuwa zai cutar da gawar kakan da ke cikin gida, ta mutu a can. Mijinta yana son ta, ya san camfi ne, amma bai iya cewa a'a ba. Shi wannan yaya mai haƙuri da biyayya, Ba Jin daga yayansa na jini ya zana shi, wanda ya kashe kansa a 1931 ɗin. Matasa da yawa sun bar gidajen iyayensu bayan karanta littafin.

Marubuta mata sun ƙara tono inda maza suka tsaya. Xiao Hong, wadda ta rasu a Hong Kong a 1942 tana da shekara 30, ta ba da labarin yarinya 'yar shekara 12 da aka kai gidan miji. Uwar mijin ta yi ta dukanta don ta ladabtu, da ta kwanta ciwo aka ce aljanu ne, aka tsoma ta cikin ruwan zafi har sau uku a gaban 'yan kallo. Uwar mijin ba ta ɗauki kanta muguwa ba, har kuɗinta ta kashe wajen neman magani. Zhang Ailing kuwa, a 1943, ta kawo 'yar mai sayar da man riɗi da aka aurar ga naƙasasshen ɗan masu kuɗi. Ta sha wulaƙanci shekara da shekaru, da dukiya ta zo hannunta sai ta lalata auren ɗanta, ta kori manemin 'yarta. Wadda aka ci ta zama mai ci.

Shi ya sa Lu Xun bai yarda cewa ficewa daga gida ita ce mafita ba. A lokacin da matasa ke ta yabon Nora, matar da ta bar mijinta a wasan kwaikwayon Ibsen ɗan ƙasar Norway, ya tsaya gaban ɗalibai mata a Beijing a Disambar 1923 ya tambaye su: bayan ta fita fa? Idan ba ta da kuɗin kanta, ko ta lalace ko ta dawo.

Da sukar ta koma hannun hukuma

Jam'iyyar Kwaminis ta karɓi wannan gado ta mayar da shi nata. Tun 1927 Mao Zedong ya rubuta cewa igiyoyi huɗu ne suka ɗaure manomi: ikon hukuma, na zuri'a, na addini, ga mace kuma har da na miji. Bayan rasuwar Lu Xun a 1936, Mao ya ɗaga shi sama da kowane marubuci. Amma a jawabansa na 1942 a Yan'an, sansanin jam'iyyar a lokacin, ya gindaya sharaɗi: adabi ya yi wa ma'aikata da manoma da sojoji hidima a ƙarƙashin jagorancin jam'iyya, kuma irin zambon da Lu Xun yake yi na maƙiya ne. Wang Shiwei, wanda ya rubuta a shekarar cewa a Yan'an ma ana bambanta abinci da tufafi gwargwadon muƙami, an tsare shi, aka kashe shi a 1947.

Daga nan labarin ya sauya kama. A wasan kwaikwayon yarinya mai farin gashi na 1945, mugun mutum ɗaya ne, mai gonaki, talakawa kuwa tsarkakakku ne, jam'iyya ce mai ceto. Tambayar mahaukacin nan, ko ni ma na ci, ta ɓace.

Adalci ne a faɗi abin da aka samu. Dokar aure ta 1 ga Mayu, 1950 ta soke auren dole, da yi wa yara baiko, da ajiye ƙwaraƙwarai, da hana matar mamaci sake aure. Ga mata irin matar Xianglin wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, kuma marubutan nan suna da hannu a cikinsa. Sai dai kalmar fengjian ta zama tambarin da ake manna wa duk wanda ake son kawarwa. A Juyin Juya Halin Al'adu na 1966 zuwa 1976 aka ce a rushe tsofaffin abubuwa huɗu: tunani, al'adu, ɗabi'u da halaye. A Nuwambar 1966 Jajayen Dakaru, wato matasa masu bin Mao, suka je Qufu, mahaifar Konfushiyas, suka farfasa allunan tarihi suka tone kaburbura. Marubuci Lao She ya mutu a wani tafki a Beijing a watan Agustan shekarar, kwana guda bayan an yi masa dukan kawo wuƙa a bainar jama'a. Kuma a daidai lokacin da ake cewa ana yaƙi da gadon sarauta, jikan mai gonaki yana gadon laifin kakansa, ana hana shi makaranta da aiki, mutane kuma suna tsayuwa gaban hoton shugaba safe da yamma suna miƙa rahoto. Wani matashi, Yu Luoke, ya rubuta maƙala yana sukar wannan gadon laifi ta jini. An harbe shi a 1970.

Ba Jin ya rayu ya ga duk wannan. Matarsa ta rasu a 1972 yana cikin ƙangi. Tsakanin 1978 da 1986 ya rubuta jerin maƙaloli inda ya ce tsarin da ya zaci ya binne a littafinsa yana nan da ransa, ya kuma tuhumi kansa da sa hannu wajen la'antar abokansa marubuta don ya tsira. Ya nemi a gina gidan tarihi na waɗannan shekaru goma. Deng Xiaoping ma, jagoran ƙasar a lokacin, a jawabinsa na 18 ga Agusta, 1980, ya amsa cewa tara iko a hannun mutum ɗaya da zama kan muƙami har mutuwa a cikin jam'iyya burɓushin tsohon tsarin ne.

Masu cewa an wuce gona da iri

Tun farko akwai waɗanda ba su yarda ba. Malaman da suka kafa mujallar Xueheng a Nanjing a 1922, wasunsu ma a Amurka suka yi karatu, sun ce ana ƙona rumbu don a kashe ɓera. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Koyarwar Konfushiyas ta ɗora wa na sama nauyi kamar yadda ta ɗora wa na ƙasa, kuma Mengzi, babban magajinsa, ya ce jama'a su ne mafi daraja, sarki shi ne na ƙarshe, har ya halatta kawar da azzalumin sarki. Maganganun nan sun yi wa wanda ya kafa daular Ming zafi har ya sa aka cire su daga littafin. Ke nan sarakuna sun tace koyarwar sun ɗauki abin da ya yi musu daɗi, 'yan 4 ga Mayu kuma suka yi wa tatacciyar hukunci kamar ita ce duka.

Manazarta na baya sun ƙara da nasu. Lin Yusheng a 1979 ya ce ƙin al'ada ɗungurungum shi kansa tunani ne irin na tsohuwar al'adar, wadda ta yi imani gyaran zuciya shi ke gyara komai. Lydia Liu a 1995 ta nuna cewa hoton "halin Basine" da Lu Xun ya yi ta zanawa yana da alaƙa da littafin wani ɗan mishan Ba'amurke, Arthur Smith, wato akwai idon baƙo a cikin madubin. Dorothy Ko a 1994 ta fito da matan ƙarni na 17 masu rubuta waƙoƙi suna buga littattafai, ta ce mayar da duk matan da suka gabata abin tausayi shi ma share su ne daga tarihi.

Na yarda da yawancin wannan, amma ban ga ya rushe labaran ba. Lu Xun bai rubuta sharhin littattafan Konfushiyas ba. Abin da ake aikatawa da sunansu a tsakar gida ya rubuta, kuma matar da aka sayar ba ta da labarin abin da Mengzi ya ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Inda masu sukar suka fi gaskiya shi ne a kan magadan Lu Xun, waɗanda suka riƙe zafinsa suka yar da shakkarsa. Littafin da ya fi riƙe ɓangarorin biyu a hannu ɗaya, a ganina, shi ne Bailu Yuan na Chen Zhongshi, na 1993. Shugaban zuri'ar da ke cikinsa mutum ne mai gaskiya da riƙon amana, wanda ƙauye ke dogaro da shi a lokacin yunwa da annoba, kuma dokar zuri'ar da yake karewa ita ce ta tura wata mata ga halaka. Marubucin bai wanke shi ba, bai kuma mayar da shi dodo ba.

Yadda abin ya shafi talakan Sin a yau

Yanzu iska ta juya. Jam'iyyar da matasanta suka tone kaburburan Qufu ita ce ta fara buɗe Cibiyoyin Konfushiyas a ƙasashen duniya tun 2004, har da na Jami'ar Legas da na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka. Shugaba Xi Jinping ya ziyarci Qufu a 2013, kuma a shekarar ce dokar da ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu tsofaffi ta fara aiki. A 2018 aka cire iyakar wa'adi biyu na shugaban ƙasa. Daga farkon 2021 ma'auratan da suka amince su rabu sai sun jira kwana 30. A lokaci guda hukuma tana yaƙi da tsadar kuɗin aure a karkara, tana kiran sa ragowar tsohuwar al'ada. Wato ita ke zaɓar wace al'ada ce gado mai daraja, wace ce kuma fengjian.

Masu karatu kuwa suna ɗauko tsoffin labaran su auna zamaninsu da su ba tare da neman izini ba. A Janairun 2022 aka ga bidiyon wata mata, uwar 'ya'ya takwas, ɗaure da sarƙa a wuya a wani ɗaki a gundumar Feng ta lardin Jiangsu. Bincike ya tabbatar sayar da ita aka yi, aka ɗaure mijin shekara tara a 2023. Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne shekarun da ta yi a wurin, ga maƙwabta ga jami'an ƙauye, ba wanda ya ɗaga murya. 'Yan kallon nan ne na hoton da aka haska a aji a Japan.

Su kuma masu doguwar riga, a 2023 ɗalibai miliyan 11.58 ne suka kammala manyan makarantu, kuma a ƙarshen shekarar sama da mutum miliyan 3 aka tantance don jarrabawar shiga aikin gwamnatin tsakiya, a kan gurabe da ba su kai dubu 40 ba. Da CCTV ta ce su tuɓe rigar, amsar da da yawansu suka bayar ita ce a koma a sake karanta labarin: iyaye da malamai da hukuma ne suka ɗinka rigar suka sa musu tun suna yara, kuma Lu Xun da mutanen mashayar yake, waɗanda suka ga mutum yana jan jiki da hannuwa suka ci gaba da dariya.